Na Sayar da Giwa

Ran da Giwa ta kwanta da ni a taɓon Kujama,
ƙafata ta hagu a ƙarƙashinta, ruwa na zuba,
sai da manoma huɗu suka ajiye fartanya
kafin muka tashe ta tsaye.
Wata tsohuwa mai itace a ka ta dube ni, ta dube ta,
ta ce, "Baba, wannan ai ɗaukar Dala ne ba gammo."

Kilo ɗari biyu da hamsin, ban da akwatuna.
Shekara hamsin da takwas, ban da gwiwa
mai yi mini ƙara duk sa'ad da zan yi sujada.
Na yi wannan lissafin da dare, ina shafa man zafi.

Wani yaro ɗan Unguwar Rimi ya saye ta,
bai ko nemi ragi ba.
Na juya baya kada in ga fitarta,
amma kunne ba shi da marfi,
na ji rurinta har ta sha kwanar masallaci.

Wadda na kawo gida mai ɗari bakwai ce.
Tanimu na Panteka ya zagaya ta sau biyu,
ya ƙwanƙwasa tanki da sifana,
ya ce, "Yallaɓai, daga giwa sai barewa?"
Ran Asabar a teburin mai shayi na Kawo
Bitrus ya yi dariya har hular kwanonsa ta faɗi:
"Shekarau ya yi ritaya!"
Na sha shayina. Da zafi na sha shi.

Ba zan rufa mata asiri ba.
Kujerarta katako ce da aka yi wa riga,
kafin Kaciya mazaunina ya mutu murus.
Iska na dukan ƙirjina kamar ina da bashinta.
A titin Zariya, in manyan suka murɗa,
jar fitilarsu nake bi har ta zama tunani.
Giwa ba ta san sarƙa ba,
wannan kuwa sai na tsuguna da tsohon buroshi
ina goge mata haƙora, ina ɗiga mata mai,
maƙwabta na wucewa suna mini sannu da aiki.

Sai dai kuma,
tafin ƙafata biyu suna taka ƙasa.
Kun san daɗin wannan?
A cunkoson Kasuwar Barci ina ratsawa tsakanin Keke da tirela
ba tare da na karanto duk addu'ar da na sani ba.
Mai gidan man Barnawa ya daina kirana da suna.
Lantana, da ta yi shekara shida ba ta hau bayana ba,
ta gyara mayafi ran nan, ta ce, "Wannan ƙasa na kusa,"
muka je Kakuri sayen doya,
muka dawo ta doguwar hanya.

Makon jiya, a gindin dutsen Kagoro,
inda kwalta ta ƙare, burji ya soma,
yashi ya ja tayar gaba, muka zube ni da ita.
Babu manomi, babu tsohuwa,
sai ƙamshin citta daga wata gona
da wani ƙadangare mai gyaɗa mini kai.

Na kashe inji. Na ba ta baya, na kama hannu da ƙarfen kujera,
na ce bismillah.
Ta tashi.

Na daɗe tsaye ina haki, ina dariya ni kaɗai.
Madubin dama ya tsage, har yau ban canja ba.
Cikinsa nake ganin hanyar da na baro
ta rabu gida biyu,
ni kuwa ina kan wadda zan iya ɗagawa.